A Daina Rubutun Dangwale



Maganar wannan makon za ta ɓata wa wasu rai tun daga farko, don a kan wasan kati na waya za mu yi ta. Mun san akwai waɗanda da sun ji an ce kati sai ransu ya tafi ga karta, daga karta zuwa caca, daga caca zuwa bayan tasha. A kwantar da hankali. Babu wanda za mu tura caca, kuma ba tallan gem muka zo yi ba. Abin da muke cewa shi ne akwai wani ilimi na tattalin ƙarfi da yaran da ke buga waɗannan wasanni suka haddace, wanda da yawa cikin masu amsa sunan marubuci ba su da shi. Rashinsa ne ke kashe littattafan onlayin tun ba su kai rabi ba.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Duk wanda ya riƙe babbar waya a Musawa ko Malumfashi ko Funtua a 2024 ya ga zamanin dangwale da idonsa. Notcoin ce ta fara buɗe wa mutane ido. Da ta fashe a watan Mayu wasu sun samu kuɗi na gaske, labari ya bazu, sai jama'a suka yi ca a kan Hamster Kombat, wadda ta fito a Telegram a watan Maris na shekarar. Masu ita sun ce mutum sama da miliyan 300 ne suka shiga. Tela, ɗalibi, mai shayi, amarya a ɗakinta, kowa kai a sunkuye, yatsa na dukan sikirin. A tuna yadda aka gina ta. Akwai ma'aunin kuzari a ƙasa, kowace dangwala tana rage shi, in ya ƙare sai ka jira ya ciko. Akwai katunan da kake saye da sulallan da ka tara, kowanne yana ƙara maka ribar da ke shigowa duk awa. Amma ribar ba ta taruwa fiye da ta awa uku in ba ka leƙa ba. Ga kuma katuna uku na kullum, waɗanda in ka haɗa su ake ba ka sulalla miliyan biyar. Ranar 26 ga Satumba aka raba abin da aka raba, kuma kowa ya ji koke-koken da suka biyo baya.

Ba kuɗin ne ya dame mu ba, wannan tsakanin mutum ne da aljihunsa. Abin lura shi ne irin tarbiyyar da wasan ya yi wa yatsa da ƙwaƙwalwa. A cikin dangwalar nan babu shawara. Kuzari ya cika, ka ƙone shi. Ya sake cika, ka sake ƙonewa. Dangwala ta ɗari da ta dubu duk ɗaya ne, babu gwani babu ɗan koyo. Awa ukun nan kuwa igiya ce aka ɗaura wa mutum kamar akuya a turke, don ya riƙa dawowa ko da tsakar dare ne. Wanda ya tsara wasan ba ya bukatar ka iya komai. Zuwanka kawai yake so, don da yawan masu zuwa yake cin kasuwarsa.

To a ɗauki wannan hoton a ɗora shi a kan yadda ake rubuta littafi yau a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, a gaya mana inda suka rabu. Marubuciya ta samu ra'ayi ranar Talata, Laraba ta haɗa fosta da suna mai daɗi, Alhamis shafi na ɗaya ya fita. Ba ta san ƙarshen labarin ba, ba ta ma san tsakiyarsa ba. Kwament ya zubo: Anti muna jira, Allah ya ƙara basira, don Allah a ƙara yawan taifin. Sulallan ke nan. Gobe dole a sake fitowa, don in aka yi kwana biyu shiru masu karatu za su koma guruf ɗin wance. Sai a zauna da dare a juye duk abin da ke kai, a tura ba tare da an sake dubawa ba, a ƙasa kuma a rubuta cewa in kwament bai yi yawa ba gobe babu ci gaba. Kada wani ya ce da mata muke. Maza masu labaran yaƙi da aljanu sun fi kowa iya wannan rawar. Shi muke kira rubutun dangwale, kuma alamominsa ba sa ɓuya. Kafin shafi na goma an yi auren dole, an yi hatsarin mota, kishiya ta je gidan boka, an cinye gadon marayu, an sace jariri a asibiti. A shafi na talatin babu abin da ya rage, sai a koma lissafa abin da ta dafa, da launin leshinta, da tsadar kujerun falo. A shafi na hamsin sai sanarwa ta fito cewa an dakatar da littafin saboda wasu dalilai, kuma washegari a ga fostar sabo.

Yanzu mu je ga ɗaya nau'in, wanda shi ne ainihin wasan kati na tarawa. Asalinsa ba a waya ba ne. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro Magic: The Gathering, aka fitar da shi a kan takarda a 1993. Daga gare shi ne na baya suka gaji dokar da ta fi kowace muhimmanci: kowane kati yana da farashi, kai kuma abin biyanka ƙayyadadde ne. Sun sa wa abin biyan suna mana. Ba manar "zo mana" ba, kalma ce ta mutanen tsibiran tekun Fasifik mai nufin wani ƙarfi na ɓoye. Mu dai za mu ce kuzari, a wuce wurin.

A Hearthstone, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2014, kowa yana shiga da kati 30 da ya zaɓa da kansa, da jini 30. A zagayen farko kuzarinka ɗaya ne tak. A na biyu biyu, a na uku uku, haka har goma, daga nan ba ya ƙaruwa. Duk zagaye yana cikowa, amma wanda ba ka kashe ba ba ya bin ka zuwa gaba. Wanda ya zo na biyu ana ƙara masa kati ɗaya, da wani sulalla da zai ba shi ƙarin kuzari ɗaya sau ɗaya kacal a duk wasan, kuma rabin gwanintar mutum ana gane ta ne daga lokacin da ya zaɓi ya kashe sulallan nan.

Ɗan koyo iri biyu ne a wannan wasa, kuma dukkansu muna da su a wannan guruf. Na farko ya cika tarinsa da manyan dodanni masu farashi takwas, tara, goma, don sun fi kyan gani. Sai ya zauna hannu cike da kati amma babu wanda zai iya jefawa, abokin wasa yana ta rage masa jini da ƙananan sojoji, kafin kuzarinsa ya kai takwas an gama da shi. Wannan shi ne marubucin da ke da wata gagarumar fitowa a ransa, wadda ya ajiye wa shafi na tamanin, amma ya cika na farko da tarihin kakan kakan jarumi da wa'azin da ba wanda ya tambaye shi. Mai karatu ya tafi tun a shafi na huɗu, dodon ya mutu a hannu. Na biyu ya cika tarinsa da masu farashi ɗaya da biyu, ya zazzage su duka kafin zagaye na huɗu. Da farko sai ka ce shi zai ci. Daga nan hannunsa wayam, kati ɗaya yake ja duk zagaye, ga kuzari takwas a gabansa babu abin saye da shi. Ɗan dangwale ke nan. Gwani kuwa tarinsa kamar tsani yake: akwai abin jefawa a zagaye na ɗaya, akwai na uku, akwai na shida, kuma manyan ba su wuce 'yan ƙalilan ba.

A nan muke so a tsaya, don nan ne zuciyar maganar. Kowace fitowa a cikin labari tana da farashi, kuma ba da kalmomi masu nauyi ake biya ba. Da abin da mai karatu ya riga ya sani kuma ya damu da shi ake biya. Mutuwar uwa kati ne mai farashi takwas. In ka jefa shi a shafi na biyu ba ka da abin biya, domin mai karatu bai taɓa ganin matar nan ta raba tuwo ta hana kanta ba, bai ji ta yi faɗa ba, bai ga ta ɓoye kuɗin adashe a ƙarƙashin katifa don kuɗin jarrabawar ɗanta ba. Za ka rubuta cewa duniya ta yi wa jarumi duhu, ka jera alamar motsin rai guda biyar, mai karatu kuwa ko gezau. Saki ma haka. Saki uku a shafi na biyar, tsakanin mutanen da ba mu taɓa ganin sun yi dariya tare ba, labarin maƙwabta ne, ba ya taɓa kowa. Tonon asiri, cewa wance ba 'yar gidan ba ce, farashinsa goma, don sai mun zauna a gidan mun saba da shi kafin rushewarsa ta girgiza mu. Bambancin kawai shi ne a wasa na'ura ba za ta bar ka ka jefa katin da ba ka da kuɗinsa ba, ko ka danna shi sau ɗari ba zai tafi ba. Takarda kuwa ba ta hana kowa komai. Shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyar ke koyon wannan doka cikin mako guda, marubuci kuma ya yi littafi bakwai bai ji labarinta ba.

Kuma ƙananan katuna ba shara ba ne. Da su ake riƙe fili. Gardama a kan wa zai ɗebo ruwa, kallon da uwar miji ta yi wa tukunya, ɗan bashin da aka ƙi biya a shagon unguwa, su ne masu farashi ɗaya da biyu, kuma su ne ke tara maka kuzarin da za ka sayi babbar fitowa da shi. Bambancinsu da ciko shi ne kowannensu yana canza wani abu, ko da kaɗan ne. Launin leshi ba ya canza komai, sai fa in leshin aro ne kuma mai shi tana wurin bikin.

Akwai wasu katuna a Hearthstone da ke ba ka ƙarfi fiye da farashinsu yanzu, amma su kulle maka wani ɓangare na kuzarin zagaye mai zuwa. Bashi ne ƙiri-ƙiri. A rubutu sunansa yanke shafi a kan gaɓa: ƙofa ta buɗe, ta ɗaga kai, abin da ta gani ya sa ta ƙwalla ƙara, mu haɗu gobe. Babu laifi a ciki, gwanaye ma suna cin bashi in sun ga zai kai su ga nasara. Laifin shi ne a ci shi kullum, kuma gobe a biya da jabu, a ce ai kyanwa ce ta gani, ko mafarki take yi. Sau uku za ka yi wa mai karatu haka ya daina ba ka rance. Akwai kuma dokar ƙarewar tari. In katunanka 30 suka ƙare, wasan ba ya tsayawa, amma duk lokacin da ka miƙa hannu ka ja babu, jininka ne ke raguwa: ɗaya, sai biyu, sai uku, yana hawa. Duk wanda ya taɓa bin littafin da labarinsa ya ƙare a shafi na sittin amma aka ja shi zuwa ɗari da ashirin, don masu biya ba su gaji ba, ya san wannan ciwon. A nan ne ake tayar da wanda ya mutu, a kawo tagwayen da ba a taɓa ambata ba, a sa jaruma ta manta kowa.

Ben Brode, wanda ya jagoranci Hearthstone kafin ya bar Blizzard a 2018, shi da abokansa suka fitar da Marvel Snap a 2022, suka matse komai. Kati 12, zagaye shida, wurare uku, wanda ya rinjaya a biyu ya ci. A lissafa: ɗaya da biyu da uku da huɗu da biyar da shida, kuzari 21 ke nan a wasa na yau da kullum. Ba za ka iya cin wurare ukun duka ba in abokin wasanka ya san abin da yake yi, dole ka zaɓi wanda za ka sallama. Duk mai shirin shiga Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 kuma take neman labari tsakanin kalma 1,000 da 1,500, wannan ne wasanta. Labarai nawa ne ke faɗuwa don an so a cusa talauci da fyaɗe da shaye-shaye da 'yan bindiga da mugun miji a cikin kalma 1,500? Kowanne ya samu kalma ɗari uku, babu wanda ya samu rai. Wasan yana da wani maɓalli kuma da muke so a ce kowane marubuci yana da shi: na janyewa. In ka ga hannunka ba zai kai ba, ka janye da ƙaramar asara maimakon babba, kuma masu hawa sama a wasan sun san lokacin janyewa kamar yadda suka san na kai hari. Labarin da ya mutu a cikin littafin rubutunka, kai kaɗai ka san kabarinsa. Wanda ya mutu a gaban mutum dubu da suka biya kuɗi, da sunanka aka binne shi.

Kada kuma masu ɓoyo su yi murna su ce da su muke goyon baya. Akwai su a cikinmu, shekara huɗu suna cewa suna kan wani babban aiki, ba wanda ya taɓa ganin layi ɗaya. A Clash Royale na kamfanin Supercell, wanda ya fito a 2016, kuzari yana ɗigowa ne ɗaya duk bayan kusan daƙiƙa uku, kuma ma'aunin ba ya wuce goma. In ya cika ka tsaya kallo, abin da ke ɗigowa zubewa yake yi a banza. Tattali daban, rowa daban. Rubutu kullum wajibi ne. Turawa kullum ce muke faɗa da ita.

In wani ya ce duk wannan ilimin Turawa ne, sai mu ce ya fita bayan gari. Manomin masara a ƙasar Funtua ko Bakori ba ya juye takinsa duka ranar shuka. Kamfa yake fara sawa bayan tsiro ya kama ƙasa, ya ajiye yuriya sai masara ta tasa tana shirin fitar da kai. In ya zuba duka lokaci ɗaya, ko ruwa ya wanke, ko ya ƙone shukar, kuma lokacin da take bukata buhu ya zama wayam. In ya rufe rumbu da kaka, da lissafin Yuli da Agusta yake buɗe shi, kuma iri daban yake ajiye shi, ko yunwa ta yi yunwa ba a taɓawa. Tsofaffin da ke dara a gindin bishiya, 'ya'ya goma sha biyu kowa ke da su, kuma tun wajen zubi ake sanin wanda zai ci. Ko Whot ɗin da ake bugawa a ɗakin samari, wa ke jefa 20 a hannun farko? Ana riƙe ta sai an matsu. Amma wanda ya riƙe ta har aka tashi, ita za a ƙirga masa a kai. Ilimin nan a gidanmu yake, waya ce kawai ta mayar da shi lamba.

A adabinmu ma shi ne ginshiƙi. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, me akun nan yake yi? An bar masa amanar Musa ɗan sarki, Waziri yana ƙulla makirci a waje, shi kuma ba shi da takobi ba shi da dakaru, labarai kawai gare shi. Aikinsa shi ne ya riƙe yaron a gida har gari ya waye, gobe ma haka, har sarki ya dawo. Da ya zazzage mafi daɗinsu a daren farko, da littafin ya ƙare a nan, da Musa ma. Abubakar Imam ya gina littafin ne a kan mai ba da labarin da ya san abin da ke cikin jakarsa da yawan dararen da ke gabansa.

Mun san amsoshin da za a kawo, don mun sha jin su. Za a ce ai fitar da labari kashi-kashi ba yau aka fara ba, haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, haka Anti Bilkisu Funtua ta fitar da Allura Cikin Ruwa, mutane suka yi ta jiran na gaba. Gaskiya ne. Kuma ba za mu ce duk littattafan wancan zamani babu ciko a cikinsu ba, akwai. Amma marubucin lokacin yana da ma'aunin kuzari da ba ya ƙarya: kuɗin ɗab'i. Kowane shafi takarda ce da tawada da za a biya, kuma kashi guda yana fita ne bayan an rubuta shi, an buga a keken rubutu ko kwamfuta, an duba. Tsakanin kashi da kashi akwai watanni. Yau shafi kyauta ne a ganin mai rubutu, tsakanin tunani da turawa kuma babu ko minti goma. An ɗauki kashi-kashin an bar ma'aunin.

Za a ce masu karatu za su gudu in ba a ba su kullum ba. To wa ya hana a ba su kullum? A gama littafin, a gyara, a yanka shi gida sittin, a riƙa saki duk bayan isha'i har wata biyu. Mai karatu ya samu na kullum ɗinsa, kuma ya samu labarin da mai shi ya san inda za shi. Abin da ake tsoro a gaskiya ba gudun masu karatu ba ne. Watanni ukun nan ne na zama kai kaɗai da rubutu, babu kwament, babu mai cewa Allah ya ƙara basira. Yatsa ya saba da sulalla. Za a kuma ce ra'ayin masu karatu yana taimakawa wajen gina labari. Wani lokaci haka ne. Amma mun ga inda masu kwament suka hana a kashe wanda labari ya ce ya mutu, suka tilasta a aurar da jaruma ga wanda suka fi so. Ba a buga kati hannu a buɗe, 'yan kallo na zaɓa maka abin jefawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Akwai 'yan'uwa mata da kuɗin guruf ɗin littafi ne sabulunsu da kuɗin makarantar ƙannensu, kuma babu mai hankalin da zai ce su yi kyauta. Amma wanda ya karɓi kuɗin littafi, littafi ya sayar, da farkonsa da ƙarshensa. In ya tsaya a rabi ya buɗe sabo ya sake karɓa, a kasuwar Funtua akwai sunan da ake kiran mai yin haka da buhun masara, kuma ba suna ne mai daɗi ba. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ba marubuciya ɗaya yake daina yarda da ita ba, da dukkanmu ne.

Kuma a tuna a ina muke rubutu. A nan kuzari ba lamba ba ce a sikirin. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni ana tafiya wani gari don a kira ɗan'uwa. A ƙarshen Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun lalace. A Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mai karanta ki a ƙauyen Musawa ko Matazu, da safe ta ba yaro wayarta ya kai shagon caji, ta biya, ta sayi 'yar data ta kwana ɗaya, da dare bayan ta gama aikin gida ta buɗe shafinki da batirin da take lallaɓawa. Ita ce ke buga wasan tattali na gaske. In abin da ta tarar shi ne sakin layi takwas a kan yadda jaruma ta yi wanka ta shafa turare, ba lokacinta kawai aka ci ba, har da kuɗin cajinta. Kai ma mai rubutu, kashi arba'in ɗin da ya rage a wayarka, ko ya tafi wajen gyara shafin jiya, ko ya tafi wajen ƙirga masu yabo. Ba zai yi duka biyun ba. Ministar da aka ba ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, Hannatu Musawa, sunan garin nan take ɗauke da shi, kuma muna jin ana ta maganar tallafa wa masu fasaha. Allah ya sa a gani a ƙasa. Amma ko an kawo tallafin har ƙofar gida, littafin da aka kammala za a tambaya, ba fosta goma sha biyu ba.

Don haka ga abin da muke nema daga shugabannin wannan guruf, kuma za mu kai shi taron ƙungiya. Duk wanda zai fara sakin littafi a nan, ya fara nuna wa admin ɗaya daga cikin biyu: ko cikakken rubutun, ko aƙalla takarda guda da ke faɗin shafi nawa ne, mene ne babban katinsa, a wane shafi zai jefa shi, kuma da me zai biya kafin nan. Wanda ya kasa cika takarda guda bai shirya cika shafi sittin ba. Wanda kuma yake da littafin kuɗi da ya bari a rataye, kada a ba shi damar tallata sabo sai ya kammala wancan ko ya mayar wa mutane kuɗinsu. Mun san za a ce mun cika zafi, za a ce wa ya naɗa mu alƙalai. Babu wanda ya naɗa mu. Mai ja ga fili nan a ƙasa, muna nan har Juma'a muna amsawa, sai dai in zai zo ya taho da sunan littafi ɗaya da ya kai ƙarshensa.